Kafin Ka Ɗora wa Injin Laifi, Duba Tiyon Zuƙo

Duk shekara, da watan Maris ya kama, ƙorafi ɗaya nake ji daga manoman rani a fadamun Gashuwa, Nguru da ƙauyukan Dapchi: "Malam, injina ya gaji, sai shan fetur, ba ruwa." Aikina gyaran famfo ne, kuma yawancin injinan da ake kawo mini ƙalau suke. Ruwan ne ya yi nisa.

Injin ban ruwa yana da ƙarfin turawa, amma zuƙowarsa tana da iyaka. Nauyin iskar sararin sama ne ke danno ruwa cikin tiyo, kuma ba zai iya ɗaga shi fiye da mita 10 da 'yan kai ba, ko da injin wane kamfani ne. A gona kuwa, da an kai mita 7 an shiga wahala. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Da bazara ta matso, ruwan rijiya sai ya sauka, injin kuma yana nan inda aka dasa shi tun Disamba.

In ka ji yana ƙara kamar ya haɗiyi tsakuwa, kashe shi. Ruwan ne ke tafasa a bakin fankar injin saboda ƙarancin matsi, ko da sanyi gare shi. Ƙananan kumfa suna fashewa suna cin ƙarfen har ya rarake. Abin da ke ci mini rai shi ne ganin manomi ya sayar da akuya ya sayo babban inji, alhali rami zai haƙa ya sauke wanda yake da shi kusa da ruwa. Sannan ya gajarta tiyon zuƙo, ya ɗaure mahaɗa da kyau kada iska ta shiga, ya wanke rariyar ƙasa. Kada kuma a sa wa injin inci 3 tiyon inci 2: gogayyar ruwa a ciki takan ninka kusan sau bakwai, kuma da kuɗin fetur ake biyanta, wanda kowa ya san yadda ya koma tun 2023.

Masu turara shinkafa da tukunyar tururi, ku ma abin ya shafe ku. Ruwan zafi ya fi saurin tafasa a bakin famfo, don haka tankin da ke ba tukunya ruwa ya zauna sama da famfon. Ku naɗe bututun tururi da abin riƙe zafi, ku mayar da ruwan da ya ɗiga daga tururi cikin tanki, domin itacenku ne ya ɗumama shi. Bawul ɗin kariya kuwa, wanda wasu ke ɗaurewa da waya don ya daina fito, ku kwance shi yau, kafin a hura wutar gobe.