Inshorar Kayan Gida da Sharuɗɗanta

Mutanen Potiskum ba baƙin inshora ba ne, domin da wuya mai tirela ya ɗauko shanu daga kasuwa ya kama hanyar kudu ba tare da takardarta a cikin mota ba. Amma kaɗan ne daga cikin magidanta suka san cewa kayan da ke ɗakin iyalinsu, waɗanda iyayen amarya suka yi shekaru suna tarawa, su ma ana yi musu irin wannan tanadi. Alhali kuwa idan hunturu ya kankama aka kwana da kaskon wuta a ɗaki, ko aka maido da lantarki da ƙarfi cikin dare, sa'a guda ta isa gado da katifa da kujeru da firiji da keken ɗinki da akwatunan lefe su zama toka.

Inshorar kayan gida yarjejeniya ce tsakanin mai kaya da kamfani, shi yana biyan wani kuɗi ƙayyadadde kowace shekara, su kuwa suna ɗaukar alkawarin mayar masa da ƙimar abin da ya salwanta. Duk abin da mutum zai loda a mota ranar da zai tashi daga gida, shi ake nufi da kayan gida. Gini da rufi da ƙofofi kuwa takardarsu dabam ce. Ɗan haya ya kula da wannan ƙwarai, domin ko da mai gida ya yi wa gininsa inshora, ba ta shafi ko tabarmar ɗan haya ba.

Galiban abin da takardar ke ɗauka shi ne gobara, da faɗuwar tsawa, da fashewar tukunyar gas, da ambaliya ko guguwar damina, da satar da aka yi ta hanyar fasa ƙofa ko taga. Ba ta ɗaukar tsufan kaya, ko ɓarnar gara, ko abin da aka ɗauke ƙofa na buɗe. Tsabar kuɗi tana da iyaka, zinariyar mata kuwa sai an ambace ta da ƙimarta tun farko.

Mai karatu zai ce, to ina hukuncin shari'a? Tambaya ce da ta dace, gama malamai da yawa sun ƙi inshorar da aka saba saboda garari da riba da kama da caca da suke gani a cikinta. Saboda haka aka fito da takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979, hukumar inshora ta Nijeriya, NAICOM, kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, har kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisi. A nan kuɗin da kowa ya zuba tabarru'i ne cikin asusun taimakon juna, ba a juya shi a harkar riba, kuma in shekara ta ƙare da rara, masu zubi suna da rabo a ciki. Masu wannan fahimta suna kafa hujja da yabon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'ariyyawa, waɗanda kan haɗa guzurinsu wuri ɗaya su raba daidai idan abinci ya yi ƙaranci. A ganina gudummawar da muka gada ce aka rubuta ta a takarda, sai dai ta maƙwabta ranar jaje, duk da ladanta, takan tsaya ne a kwanon abinci da turmin atamfa.

Inda mutane suka fi cutar kansu shi ne wajen faɗin ƙima. Wanda kayansa suka kai naira miliyan 2, ya ce na miliyan 1 ne don zubinsa ya yi sauƙi, in ya yi asarar dubu 600, dubu 300 za a ba shi, tun da rabin dukiyarsa ya yi wa tanadi. Kuma da yake farashi yana hawa, wajibi ne a sabunta ƙimar duk shekara. A rubuta kayan ɗaki ɗaki, a ɗauki hotonsu da waya, a ajiye rasit da kwafin takardar a wani gida dabam. In abin ya auku a sanar da kamfani nan da nan, tare da rahoton 'yan sanda idan sata ce, ko na 'yan kwana-kwana idan gobara ce.