Kada Rigakafin Kaji Ya Mutu a Hanya

Da zarar hunturu ya kama, farin kashi, wato cutar Niyukasul, kan share akurki kakaf, har a gidan da aka yi rigakafi. Shi maganin rigakafin, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kuma sau da yawa ta riga ta mutu kafin ta kai ga kaza.

1. In daga Maiha za ku je Mubi sayen maganin, ku tafi da fulas da ƙanƙara. Maganin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, zafin hanyar Maiha a kan babur kuwa ya isa ya lalata shi. In kun ga mai shago ya ɗauko kwalba daga kan kanta maimakon firji, ku bar masa kayansa. Ku duba ranar ƙarewar aikinsa kafin ku miƙa kuɗi.

2. Ku tambayi nau'in I-2. A Ostareliya aka samar da shi domin kajin karkara inda babu wuta, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin sa. Ya fi nau'in LaSota jure zafi, amma duk da haka ku naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle, ku ajiye a inuwa. Ɗigo ɗaya a ido ya ishi babba da ɗan tsako, a maimaita duk bayan wata 4.

3. Ku riga hunturu. Jikin kaza na buƙatar kusan mako 2 kafin ya ƙarfafa, don haka watan Oktoba ya fi. Wadda ta fara gyangyaɗi ko murɗe wuya, ware ta za ku yi, rigakafi ba ya warkarwa.

4. In ta ruwan sha ne, ku kula da ruwan. Kulorin na ruwan famfo da ragowar sabulu suna kashe maganin, haka ma kwanon ƙarfe. Ku sa ruwan rijiya mai tsabta a roba. Ku hana su sha na kamar awa 2 da sassafe, don su shanye kafin rana ta take. Abin da ya rage a binne shi, ba a kwana da shi.

5. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, kuma ai tare suke tonon shara. Ku kama su da magariba bayan sun shiga akurki, kada ku manta da zabi.

6. Sabuwar kaza ta yi mako 2 a keɓe. Ko daga kasuwar gari ta zo, ko daga tsallaken Kamaru, kada ta haɗu da naku nan take. Mai kaji yakan kwasa zuwa kasuwa ne da ya ga ta fari ta faɗi, shi ya sa kaza mai arha a tsakiyar hunturu take da abin tambaya.