Wa Ke Duba Mai Jinya?

In ka shiga gidan da ake jinyar tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, hankalinka kan majinyaci yake tafiya. Ka yi masa sannu, ka fita. Wadda take juya shi a kan tabarma, take wanke shi, take dama masa kunu, sau da yawa matarsa ce, ita ma ta tsufa. Ƴaƴan sun tafi cin rani Kano ko Abijan ko Libiya. Ita ba mai ce mata yaya jiki.

Akwai wani rauni da awon jini ba ya nuna shi. Muna kiransa raunin zumunci: tsoho ya riƙa yankewa daga jama'a kaɗan-kaɗan, har ya zama ba mai taimakonsa. A shekarar 2015 masu bincike a Japan sun auna shi da tambayoyi 5. Ko mutum ya rage fita a kan bara? Yana ziyartar abokai? Yana jin yana da amfani ga danginsa? Shi kaɗai yake zaune? Yana samun wanda za su yi magana kullum? Wanda amsarsa ta nuna matsala a 2 ko fiye, yana cikin wannan rauni. Sun ga irin waɗannan tsofaffi sun fi saurin kasa yi wa kansu hidima.

Kai ma kana iya yin tambayoyin, amma kada ka ce, “Iya, kina lafiya?” Lafiya lau za ta ce, don haƙuri da kunya. Zauna tukuna, ka yi gaisuwa mai kyau, sa'an nan ka ce, “Iya, yaushe rabonki da kasuwa? Kin je sunan da aka yi a unguwa? Wa ya shigo kuka yi hira jiya?” Tambayar zama shi kaɗai kuwa tana iya ruɗe ka a wajenmu. Gida yana iya cika da mutane, alhali ba mai ɗebo mata ruwa ko itace. Saboda haka ƙara wannan: “In zazzaɓi ya kwantar da ke gobe, wa zai kula da Baba?” In ta yi shiru, ka sami amsa.

Duba ta da idonka kuma. Ta rame? Tana samun barci? Bayanta yana ciwo saboda ɗaga majinyaci? In gyambon kwanciya ya fara fito masa, kada ka yi mata faɗa. Aikin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ku tara dangi da maƙwabta, ku raba kwanaki, kowa ya san ranarsa. A bar mata ko da ranar kasuwa ta fita ta ga mutane. Masu aiko da kuɗi daga nesa su riƙa kiranta a waya. Ranar da za ku kawo majinyaci asibiti, ku zo da ita a auna mata hawan jini. In tana yawan kuka, ko tana cewa gara ta mutu ta huta, kada ku jira ranar. Ku kawo ta wurin likita nan da nan.