Randar Ruwa da Wayar Hannu

Yara, da wuya ku shiga wani gida a Gwadangaji ba ku ga randar ruwa ba. Ba kullum mutum ya ji ƙishirwa yake tafiya rijiya ba. Akan ɗebo ruwa da safe a zuba a randa, mai bukata ya ɗiba ya sha.

To, wayar hannu ma tana da irin tata randar. A shekarar 2001 wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya, daga baya aka samu waɗanda ke hawa intanet. Idan mutum ya nemi hoton bikin kamun kifi na Argungu, wayar takan ɗauko shi daga wata babbar kwamfuta, watakila a Turai ko Amurka. Wannan tafiya tana cin lokaci, tana kuma cin kuɗin data. Saboda haka sai manhajar da ke cikin wayar ta ajiye kwafin hoton a cikin fayil. In an sāke nemansa, nan da nan sai ta miƙo shi. Ana kiran wannan wuri ma'ajiyar wucin gadi.

Masu rubuta manhaja ba su ƙirƙiro wannan dabara sabuwa kowane lokaci. Akwai ɗan tarin umarni da wasu suka riga suka rubuta, sai a ara a yi aiki da shi. Abu uku yakan rubuta game da kowace ajiya: sunanta, da abin da ke cikinta, da lokacin da za ta tsufa.

Na ukun nan shi ne mafi muhimmanci. Ruwan da ya daɗe a randa yakan lalace, dole a zubar, a wanke randa, a ɗebo sabo. Haka nan idan manomi ya duba farashin shinkafa, wayar ta nuna masa na makon jiya, yana iya sayar da buhunsa da asara. Don haka in lokacin ajiya ya cika, manhaja takan share ta, ta koma ta ɗauko sabon labari.

Ku tuna, randa ba rijiya ba ce.

Tambayoyi
1. Me ya sa waya take ajiye kwafin hoto?
2. Waɗanne abubuwa uku ake rubutawa game da ajiya?
3. Wace asara tsohon labari ke jawo wa manomi?