Yadda Ake Gano Matsalar Birki Bayan An Sa Wa Tsohuwar Mota Diski

Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, har yau ba ta yi ritaya ba a ƙasar Kankia da Kusada. Pikof da wagon ɗinta birkin durom ne a ƙafafun baya, shi ya sa wasu ke zuwa Ƙofar Ruwa a Kano su sayo diski da kalifa na wata motar a ɗaura musu. Sai a gama aiki birki ya fi da lalacewa. Yawanci ba laifin diskin ba ne. Masta da bawul da tiyo duk don durom aka ƙera su, kuma ba a taɓa su ba.

Fara da taka birki mota na tsaye, ka lura da abin da ƙafarka ta ji.

In feda ta yi laushi tana nutsewa, iska ce a layi. Kafin ka sake cire iska, leƙa kalifa ka ga inda ƙaramin noti na fitar da iska yake. Dole ya kasance a sama. In yana ƙasa, an sa ta dama a hagu, ta hagu a dama, kuma ko galan guda na man birki za a ƙarar iskar ba za ta fita ba, domin sama take taruwa. Ana yawan yin wannan kuskure, gyaransa kuma ko sisi ba ya ci. Musanya su, sannan ka cire iska daga tayar da ta fi nisa da masta zuwa mafi kusa. Yi amfani da DOT 3 ko DOT 4 daga sabuwar roba, kada ka gauraya da DOT 5. Tsohon tiyon roba da ke kumbura in an taka, canza shi.

In babu iska amma feda na tafiya har kusa da ƙasa, masta ta yi wa aikin kaɗan. Fistin ɗin kalifa ya fi na durom faɗi, yana shan mai da yawa, don haka sai an nemo mastar da aka yi wa mota mai diski gaba da baya. A kula kuma: masta mai faɗi fiye da kima tana sa feda ta yi tauri, birki ya ƙi kamawa.

Feda mai tauri kan fito daga matsalar sabo (servo) ma. Kashe inji, taka sau biyar, riƙe, ka tayar da mota. In feda ba ta ɗan sauka ba, duba tiyon da ya taho daga inji ko ya tsage.

In kuwa taya na zafi, mota na nauyi kamar ana riƙe ta, nemi ɗan bawul ɗin da ke riƙe ragowar matsin mai a layin durom. Durom na buƙatarsa saboda sifirin ɗin da ke janye layinin. Diski ba ya so, sai pad ya manne. A cire shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne baya ya riga gaba kamawa. Motar da ta sauke buhunan gero ta dawo fanko, in tayoyin baya suka ƙulle, juyawa take yi. Fijo na da bawul mai auna nauyin kaya a wajen gadar baya, kuma sau da yawa tsatsa ta riƙe shi ko an cire an yar. A gyara shi, a gwada a fili marar jama'a, da kaya da kuma babu kaya.

Duba boris ɗin taya, domin in yana wasa diski kan tura pad baya, taku na farko ya tafi a banza. Sabon pad kuma sai an zaunar da shi: rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau takwas ba tare da tsayawa cak ba, sannan a bar shi ya huce.

Malam direba, in hambirki bai riƙe mota a gangare ba, ko baya na ƙullewa kafin gaba, kada ka hau titin Kano zuwa Katsina da fasinja. Mayar da ita gareji, ko a mayar mata da durom ɗinta.