Yadda ake ɗaura “matsattsaku mai ƙwai” ta kamun sitilhed, da sauya ta don wasu kifaye

Sitilhed kifi ne na kogunan yammacin Amurka ta Arewa, irin su Deschutes a jihar Oregon da Skeena a yammacin Kanada. Jinsinsa ɗaya da tirawut mai launin bakan-gizo, sai dai shi yana sauka teku ya yi wasu shekaru, sannan ya dawo kogi da ƙiba da ƙarfi don ya hayayyafa. Masu kama shi da yawa ba sa saƙala tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare suke ɗaura mata har ta yi kama da abu mai rai. Cikin ire-iren waɗannan ɗaure-ɗauren, wanda ya fi dacewa da ɗan koyo shi ne Egg-Sucking Leech, siffar matsattsaku riƙe da ƙwan kifi a baki. A Alaska ya yi suna, amma gangar jikinsa ta wata ɗaurarriyar ƙugiya ce mai suna Woolly Bugger, wadda Russell Blessing ya ƙirƙira a Pennsylvania a 1967. Jan kai kawai aka ƙara mata.

Ka tanadi ƙugiya mai dogon jiki, lamba 2 ko 4 (a wannan lissafin, duk sanda lamba ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take yi), da baƙin zare mai ƙarfi lamba 6/0, da wayar darma mai laushi, da siririyar wayar jan ƙarfe. Sai zaren shanil, wato mai gashi-gashin nan kamar ƙaramiski, baƙi ɗaya da ja-ja ko ruwan lemo ɗaya. Dogon gashin bayan zakara baƙi. Da lallausan gashin da ake kira marabu. A da daga jikin babba-da-jaka ake samo shi, yanzu kuwa na talo-talo ne ake rinawa. Kana kuma buƙatar matsi da zai riƙe ƙugiyar, da ƙaramin almakashi.

Da farko ka danne ƙayar bakin ƙugiyar da filaya. A kogunan British Columbia ta Kanada doka ce, kuma ko ba doka, sakin kifi ya fi sauƙi. Ka yi haka tun yanzu, don idan ƙugiyar za ta karye gara ta karye kafin ka ɓata mata gashi. Ka maƙale ta a matsi, ka naɗa wayar darma sau 10 zuwa 15 a rabin gaba na jikinta, ka bar fili bayan idon ƙugiyar. Sannan ka bi kan wayar da zare gaba da baya har ta daina juyawa, ka kai zaren inda lanƙwasa ta fara.

Wutsiya ce ran wannan aiki, don haka a nan za a daɗe. Ka ɗan jiƙa marabun da yatsu ya kwanta, ka auna shi daidai tsawon jikin ƙugiyar, ka ɗaure a baya. Idan ya fi haka tsawo zai riƙa naɗe lanƙwasar duk jifa, kifi kuma ya riƙa cizon jela ya bar ƙarfe. Idan ka cika shi da yawa ba zai yi numfashin nan na buɗewa da rufewa a ruwa ba, alhali shi ne abin da ke jawo kifin. Kada ka taɓa daidaita bakin wutsiyar da almakashi. In ta yi tsawo, tsinke ta da farce. Ragowar gindin gashin kuwa ka kwantar da shi a jikin ƙugiyar har ya haɗu da darmar, don jikin ya fito sumul ba tudu da kwari.

A gindin wutsiyar ka ɗaura wayar jan ƙarfe da baƙin shanil. Ka kai zare gaba, ka naɗo shanil ɗin har saura kashi ɗaya cikin huɗu a kai ido, ka ɗaure ka yanke. Nan za ka ɗaura gashin zakara ta gindinsa, ka naɗa shi zuwa baya sau biyar ko shida da tazara. Ka kama bakinsa da wayar jan ƙarfen, ka biyo da ita gaba ta cikin gashin kana ɗan karkaɗa ta don kada ta danne silin. Wasu suna tsallake wayar don sauri. A ganina asara ce, domin haƙorin kifi ɗaya ya isa ya tsinke gashin ya warware gaba ɗaya.

Kai ba shi da wuya: naɗi biyu ko uku na jan shanil a filin da ka bari, ya dunƙule kamar ƙwayar wake. Ka ƙulle zaren, ka ɗiga masa man farce marar launi.

Sauyawa don tirawut ba sabon ɗauri ba ne, rage komai ne. Ka sauka zuwa ƙugiya lamba 8 ko 10, ka rage marabun da rabi, ka zaɓi gashin zakara mai gajeren sili. Maimakon jan shanil, mutane da yawa suna zura ɗan dutsen ƙarfe mai launin lemo ta bakin ƙugiyar tun kafin a fara, ya zama shi ne ƙwan, shi ne kuma nauyin. Launi ma yana bin ruwa. Sitilhed a gurɓataccen ruwan hunturu yana amsa baƙi da shunayya masu ƙatuwar kai, amma tirawut a ruwa garau yakan tsorata da irin wannan ado, sai a koma ruwan ganye ko ruwan ƙasa da ƙaramin kai. Lokacin da kifayen salmon ke zuba ƙwai, tirawut kan taru a ƙasansu suna tsintar wanda ruwa ya kwaso, kuma a nan jan kan yake cin kasuwarsa. Idan tafki ne marar gudu, cire darmar, ka riƙa jan igiya kaɗan-kaɗan kana tsayawa. Ga mai son ƙarin motsi, naɗi biyu na gashin zabo a bayan kai suna ƙara kyau, kuma masu ɗaurin sitilhed sun daɗe suna amfani da shi.

Sitilhed ba ya rayuwa a ruwanmu mai ɗumi, amma kamun kifi da gashi ya iso kogin Faro a arewacin Kamaru, inda ake neman tsage da giwan ruwa. Tsage ba ya barin marabu da rai, haƙoransa za su aske shi a cizo ɗaya. Don haka a musanya wutsiyar da zaren roba mai sheƙi, a ɗauki babbar ƙugiya mai kauri da kaifi lamba 1/0 ko 2/0, a shafa gam a kan kowane ƙulli. Tsakanin ƙugiyar da igiya kuma a sa guntuwar wayar ƙarfe kamar tsawon taƙi, in ba haka ba zai datse igiyar ya tafi da aikinka.