TSAMI DA KANWA A JIKIN ƊAN ADAM

Kowace mace mai girki a Gazawa, Agiye ko Gidan Rumji ta san cewa idan miyar yakuwa ta cika tsami, ɗan ruwan kanwa ke kashe shi. Ta kuma san idan aka zuba ruwan kanwa cikin jiƙon tsamiya sai ya yi kumfa, in cikin zoɓo ne kuma jan ya dushe ya yi duhu. Wannan sani na madafa shi ne tushen wani babban fanni na ilmin lafiya, domin tsami da kishiyarsa suna aiki cikin jininmu dare da rana.

Ma'aunin tsami

Masana suna kiran abu mai tsami asid, mai halin kanwa kuma alkali. A 1909 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Sorensen, ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda ake lissafa shi daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa yana kan 7. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne: ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan da tumbi ke narkar da abinci da shi kuma tsakanin 1.5 da 3.5. Abin da ya haura 7, kamar ruwan kanwa, alkali ne. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne.

Jinin mai lafiya kuwa ba ya wuce tsakanin 7.35 da 7.45. In ya kauce wa wannan ɗan tsakani da yawa, zuciya da ƙwaƙwalwa ba za su yi aikinsu daidai ba.

Masu tsaron jini

Allah Ya sanya wa jini masu tsaro uku. Na farko suna cikin jinin kansa: wani gishiri mai suna bikabonat, da kuma furotin. Furotin, wato abin da ke gina tsoka da jini, an haɗa shi ne da ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Kowane ɗayansu yana da ɓangare biyu, ɗaya mai halin tsami, ɗaya mai halin kanwa, don haka yana iya karɓar ƙwayar tsami, yana iya sakinta. A cikin furotin, wanda ya fi yin wannan aiki shi ne histidin, kuma yana da yawa a himoglobin, abin da ke sa jini ja. Aikinsa irin na rumbu ne: in tsami ya yi yawa ya ɗebe ya ajiye, in ya yi ƙaranci ya fitar.

Na biyu huhu. Iskar kabon da jiki ke samarwa tana zama tsami in ta narke a jini, numfashi ke fitar da ita cikin mintoci. Na uku ƙoda, wadda ke zubar da sauran tsamin ta fitsari. Ita aikinta a hankali ne, yakan ɗauki sa'o'i har kwanaki, kuma da wani amino asid mai suna gulutamin take yin sa.

Gero da wake

Daga cikin amino asid 20 ɗin nan, 9 jiki ba ya iya yin su, sai an ci. Gero ba shi da wadatar wanda ake kira laisin, wake kuwa yana da shi sosai. Waken ma yana da ƙarancin metiyonin, wanda gero ke cike masa. Ashe manomin da ke shuka wake a tsakanin gero ya riga ya haɗa abincin da jiki ke so. Abin da ya rage shi ne kada a kai waken duka kasuwar Cadawa a bar yara da kunu zalla. Fura da nono, ɗanwake, ƙosai, ƙuli-ƙuli da zogale duk suna taimakawa.

Lokacin da ma'auni ya karkata

Zawo mai tsanani yana kwashe bikabonat daga hanji, sai jini ya yi tsami. Haka kwalara take yi, irin wadda ta auka wa Madarunfa da Maraɗi a 2018. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ciwon sukari da aka yi wa sakaci su ma suna jawo haka. Alamar a bayyane take: za ka ga yaro kwance yana jan dogon numfashi da sauri, ƙirjinsa na tashi da faɗuwa kamar wanda ya yi gudu, alhali bai motsa ba. Huhunsa ne ke fama ya fitar da tsamin. Wannan yaro ba na jiƙo ba ne, na likita ne, kuma a ranar.

Garin SRO da ake bayarwa a gidan likita don zawo ba gishiri da sukari kaɗai ba ne. Cikin kowace takarda ta lita ɗaya akwai giram 2.9 na sitirat, wanda jiki ke juyawa ya zama bikabonat.

Gargaɗi kan kanwa

Wasu na cewa kanwa tana wanke jini. Ba haka ba ne. Takan kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, a yi gyatsa, amma cike take da sodiyam, abin da ke sa gishiri ya hau da jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Yawan kanwa a tukunyar wake kuma yana lalata bitamin B1.

Saboda haka, jama'a, a riƙe waɗannan:

1. A jiƙa wake kafin a dafa, a rage kanwa.
2. Mai jego, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su yi nesa da kunun kanwa mai yawa.
3. Yaro mai zawo a dama masa SRO cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kada a daina ba shi mama.
4. Dogon numfashi ga marar lafiya, a garzaya gidan likita.

Wanda ya karanta wannan takarda ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.